Hamman na Adamawa da Maxamed na Somaliya: Asalin Sunan da Yadda Ya Bazu

Duk wanda ya buɗe rajistar wata firamare a cikin garin Yola, ko ya bi allunan shaguna a Jimeta, ko ya tsaya karanta sunayen masu zaɓe da ake mannawa a mazaɓar Damare, ba zai yi nisa ba zai ci karo da Hamman. Wani a farko yake ɗauke da shi, wani a ƙarshe, wani kuma an haɗe masa shi da wani sunan ya zama Hammanjoda ko Hammantukur. Yawansa ne ma ya sa ba a cika tambayar daga ina ya fito ba. In kuwa an tambaya, amsoshin sukan sha bamban. Wasu su ce tsantsar Fulatanci ne. Wasu su ce sunan wani babban gida ne da zuriyarsa ta yaɗu. Akwai masu ɗari-ɗari da shi don yana yi musu kama da Hamana na Fir'auna. Akwai kuma waɗanda da zarar sun ji tushensa Larabci ne, sai su ce ai ga hujja ta samu, masu shi jikokin Larabawa ne.

Ba Adamawa kaɗai ke da wannan ruɗani ba. Can a gabashin Afirka sunan yana da ɗan'uwa a bakin Somaliyawa, wanda suke rubutawa Maxamed, kuma kusan tambayoyin da ake yi a kansa ke nan. Idan aka jera su biyun, abubuwa da yawa kan fito fili.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Sunan yanka shi ne wanda aka raɗa wa jariri aka yanka rago a kansa ran kwana bakwai. Laƙabi shi ne wanda ke biyo baya, ko dai wanda al'ada ta riga ta liƙa wa sunan yankan, kamar Sadiƙu ga Abubakar, ko wanda aka samo daga ranar haihuwa, ko kamanni, ko sana'a. Alkunya a wurin Bahaushe ita ce sunan da ake sakaya na ainihi da shi don girmamawa. Kalmar ta Larabci ce, kuma a can tana nufin kiran mutum da uban wane ko uwar wane. Nasaba kuwa jerin iyaye ce, wane ɗan wane ɗan wane. Inda Balarabe ke cewa bin, Bahaushe ya ce ɗan, Bafulatani ya ce ɓii, Basomale ya ce ina.

Saura biyu, kuma su ne suka fi rikita jama'a. Sunan mahaifi sunan yankan uban mutum ne, don haka kowace tsara yana sauyawa. Sunan iyali irin na Turawa ba ya sauyawa: kaka da ɗa da jika duk shi suke ɗauka, har matar da aka auro ta shiga cikinsa. Hausawa da Fulanin Adamawa da Somaliyawa duk na farkon suka gada. Na biyun takarda ce ta kawo shi.

Tushen sunan

Larabci kan gina kalmominsa a kan baƙaƙe uku. A nan su ne ha ƙarami da mim da dal, kuma ma'anarsu yabo; daga nan ne muka sami hamdala. Muhammad shi ne wanda ake yabo a kai a kai. Ahmad da Mahmud da Hamid duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Sunan Muhammad ya zo sau 4 a cikin Alƙur'ani, Ahmad sau 1, kuma sura ta 47 sunan take ɗauke da shi.

Da sunan ya iso ƙasashenmu, ta bakin malamai da almajirai ya shigo, su kuwa da wasalin ƙarshe suke karantawa. Dalilin da ya sa muke da Muhammadu da Umaru da Aliyu ke nan, da wannan "u" da Balarabe ba ya furtawa in yana kiran ɗansa. Daga nan kowane harshe ya goge shi ta gefen da ya fi yi masa sauƙi, kamar kwabon da ya daɗe yana yawo a kasuwa. Bahaushe ya ce Muhamman, sannan Mamman. Babarbare ya ce Modu. Mutanen Mali da Sanagal suka ce Mamadu, Turkawa suka ce Mehmet. Fulani su kuma gaɓar farko suka yar, suka riƙe tsakiyar: Hammadu, Hamman.

Somaliyawa ba su rage kome sosai ba, kuma akwai dalili. Harshensu tun asali yana da sautukan maƙogwaro biyu da Hausa da Fulatanci ba su da su, wato ha ƙarami da ain. Lokacin da gwamnatin Siyad Barre ta tsayar da rubutun boko ga harshen a watan Oktoba na 1972, sai aka ba ha ƙarami harafin x, aka ba ain harafin c. Saboda haka Maxamed, duk da baƙuntarsa a ido, ya fi Hamman da Mamman kusa da furucin Larabci. Haka Xasan yake Hasan, Cali yake Ali, Cabdi kuma shi ne Abdi, ɗan'uwan Audunmu.

Masu cewa Fulatanci ne, da masu tsoron Hamana

Waɗanda ke ganin sunan na Fulani ne tsantsa ba da ka suke magana ba. A Fulatancin Adamawa hamma na nufin wa, kamar yadda adda ke nufin ya, kuma yaro a Yola ba zai kira wansa da gatsal ba sai ya sa Hamma a gaba. Haka kuma a tsarin Fulanin yamma na sanya wa 'ya'ya maza suna bisa jerin haihuwa, ɗan fari shi ne Hammadi, sai Samba ya biyo, su Yero da Pate na baya. To, in ji masu wannan ra'ayi, me zai sa a tafi har Makka neman tushen abin da ke cikin gida?

Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa ai ɗan fari ne aka fi sa wa sunan Annabi, don haka ba abin mamaki ba ne sunan ya zama kalmar da ake kiran babban wa da ita. Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin yadda masu sunan kansu suke yi da shi. Mutumin da gida ke kira Hamman Bello, in za a rubuta shi da ajami ko a ambace shi a wajen ɗaurin aure, Muhammadu Bello ake cewa, kuma ba wanda ke jin an sauya masa suna. A ma'aunin wannan sharhi, hujjar nan ta fi nauyi. Abin da za a iya ƙarawa shi ne kalmomin biyu sun daɗe suna gogayya, ta yadda a yau Hamma Adama na iya nufin Muhammadu Adama, yana kuma iya nufin yaya Adama, sai wanda ya san gidan ne zai bambance.

Batun Hamana kuwa ba ya bukatar dogon zance. Wazirin Fir'auna, wanda Alƙur'ani ya ambata sau 6, da ha babba sunansa ya fara, wasulansa dogaye ne, kuma mim ɗinsa ɗaya ce. Akwai wani Haman ɗin a Littafin Esta na Baibul, shi ma ba ruwansa da wannan. Rubutun boko ne ya kusanta su, musamman a tsallaken iyaka, inda ake bin ƙa'idar Faransanci a rubuta Haman da "m" guda a takardun Garwa da Marwa da Ngaundare.

Abin da ya yaɗa shi a Fombina

Fombina, wato kudu da Fulatanci, shi ne sunan da aka san ƙasar da shi tun bayan da Modibbo Adama ɓii Ardo Hassana ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya zauna Gurin, ya koma Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841. Sunan Annabi ya riga jihadi zuwa yankin, amma jihadin ne ya ɗora shi a kan gadon mulki. Lamiɗo na biyu, wanda Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar a Yola a 1851, Muhammadu Lawal ne. Cikin Lamiɓe 12 da aka yi zuwa yau, fiye da rabi ko dai Muhammadu ne ko Ahmadu: su Bobbo Ahmadu da Turawa suka naɗa bayan sun ci Yola a Satumbar 1901, da Muhammadu Abba, da Muhammadu Bello Maigari, da Muhammadu Mustafa, har zuwa Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa da ya hau a 2010. A ƙananan masarautu kuma siffar Fulatancin ce ta fi fitowa: Hamman Sambo na Tibati, Hamman Gabdo na Banyo, da Hamman Yaji na Madagali, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1927, aka kuma buga littafin abubuwan da yake rubutawa kullum a 1995.

Sai kuma al'adar sa wa 'ya'ya da yawa suna ɗaya. Magidanci na iya haifar maza biyar ya sa wa kowanne Muhammadu, don neman albarka. Dole a sami abin rarrabewa. Hausawa suka ari ƙidayar Larabci: Lawal ko Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru na goma. Fulanin Adamawa suka fi karkata ga liƙa laƙabi a jikin sunan: Hammanjulde ga wanda aka haifa da Sallah, Hammanyero, Hammanadama ga wanda aka yi wa takwara da wani Adama. A nan Hamman ya daina zama cikakken suna shi kaɗai, ya koma kamar gindin da ake ɗora wani abu a kai.

Kunya ma ta taka rawa. A tarbiyyar Fulani ta pulaaku, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar gida ba ta kiran sunan surukinta ko na duk wanda ya ci sunansa. Ƙari a kan haka, da yawa cikin dattawa na ganin bai dace a daka wa yaro tsawa ko a zage shi da ainihin sunan Manzo ba, gara a ɗan karkatar da shi. Irin bayanin da ake bayarwa ke nan game da Mehmet na Turkawa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a cika son faɗa ba. Sunayen sun tsallaka zuwa ƙabilun da ba Fulani ba, wasu ta hanyar musulunta da auratayya da zaman tare, wasu ta hanyar aiki a gidan sarauta ko shiga soja, wasu kuma ta hanyar bauta, domin wanda aka kamo sabon suna ake ba shi. Rubuce-rubucen Hamman Yaji cike suke da labarin irin waɗannan hare-hare a duwatsun Mandara. Ko ta wace hanya ce, sakamakon a bayyane yake. Mutum biyu da suka riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya a jere, Babachir David Lawal daga 2015 da Boss Mustapha daga 2017, dukansu Kiristoci ne daga ƙasar Hong, kuma dukansu laƙabin Muhammadu ne a ƙarshen sunansu.

Yadda sunan uba ya zama sunan iyali

Kafin zuwan Turawa ba wanda ke da suna na ƙarshe. Makarantar boko ce ta fara neman abin da za ta bambanta Muhammadu da Muhammadu a rajista, kuma da farko sunan gari ta fi kamawa. Ta haka aka sami Muhammadu Ribadu, ministan tsaro da ya rasu a 1965, da Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda a 1986. Shi kansa Ribadu daga ribaɗi yake, wato sansanin tsaron iyaka da Larabci. Daga baya sunan uba ya rinjayi na gari. Wasu gidaje, musamman na 'yan boko da masu sarauta, sai suka daskarar da suna ɗaya ya zama na kowa da kowa, irin su Tukur da Joda da Barkindo. Wannan na ƙarshe abin lura ne: barka ce ta Larabci aka sa mata ɗafin Fulatanci, ta ba da ma'anar mai albarka.

Amma yawancin mutane har gobe tsohon tsari suke bi. A ɗauki misalin yaro mai suna Buba, ubansa Hamman, kakansa Umaru. A firamare malami ya rubuta Buba Hamman. Wansa da ya shiga wata makarantar aka rubuta masa Sa'idu Umaru, don kakan ne ya kai shi. Gobe in Buba ya haihu, ɗansa zai zama wane Buba, Hamman ya fita daga lissafi. Ke nan 'yan uwa ciki ɗaya na iya ɗaukar sunan ƙarshe daban-daban, mutum dubu kuma su haɗu a kan Hamman ba tare da sun haɗa ko kakan kaka ba.

Somaliyawa sun tsare wannan tsari fiye da mu. Suna uku mutum ke da shi: nasa, na uba, na kaka. Jagoran da ya yaƙi Ingila da Italiya da Habasha daga 1899 zuwa 1920, Sayyid Maxamed Cabdulle Xasan, shi ne Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Hasan. Mace ba ta sauya suna in ta yi aure. Tun suna ƙanana ake koya wa yara abtirsi, wato haddar iyaye da kakanni har a kai ga tushen dangi, kuma a nan ake gane wane ne wane. Sunan dangin ba ya shiga takarda. Da yake masu suna iri ɗaya sun yi yawa, laƙabi, wanda suke kira naanays, shi ke aiki a zahiri. Shugaban Somaliya daga 2017 zuwa 2022 sunansa Maxamed Cabdullaahi Maxamed, amma duniya Farmajo ta sani, laƙabin da ya samo asali daga kalmar cuku ta Italiyanci. Sai da yaƙin basasa ya watsa mutane zuwa Landan da Minnesota bayan 1991 ne jami'an shige da fice suka mai da sunan uba ko na kaka "sunan iyali", yara suka tashi da shi.

Shin sunan Larabci hujjar jinin Larabawa ne?

Da'awar ta girmi takardu. Manyan dangogin Somaliyawa biyu, Darod da Isaaq, suna danganta kansu da shehunnai da suka ƙetaro daga ƙasar Larabawa, kuma har yanzu ana ziyartar kabarin Shehu Isaaq a garin Maydh. Fulani na da labarin Uƙba, wanda malaman Sakkwato suka rubuta, Waziri Junaidu ma ya kawo shi a Tarihin Fulani. Hausawa na da Bayajidda na Bagadaza, Barebari na da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman.

Masu riƙe da waɗannan labarai na cewa abin da kakanni suka adana baki da baki ba a yar da shi don kawai ba a same shi a littafin Bature ba, kuma zirga-zirgar Larabawa a gaɓar Somaliya da hanyoyin Sahara ba ƙage ba ce. Masana harshe da tarihi na zamani na kallon su a matsayin hanyar da al'umma ke bi ta kusanta kanta da gidan Annabi bayan ta karɓi addininsa. Suna nuna cewa Somaliyanci ɗan'uwan Oromo da Afar ne, Fulatanci kuma danginsa na kusa su ne Serer da Wolof na Sanagal. Wani abin da kan ba mutanen Yola mamaki shi ne, a rabe-raben harsuna, Bacama da Margi da Hausa suna cikin babban gida ɗaya da Larabci, Fulatanci kuwa ba ya ciki.

Kowane ɓangare mutum ya zaɓa, sunan ba ya cikin shaidu. Mehmet na Istanbul da Mamadu na Bamako ba su ce su Larabawa ba ne. Abin da Hamman ke nunawa shi ne addini ya ratsa wurin, ko kuma an zauna da waɗanda ya ratsa.

Yawansa, da wahalar ƙirga shi

Ana yawan ganin alƙaluma a intanet cewa mutum kaza ne ke ɗauke da suna kaza a ƙasa kaza. Irin wannan lissafi an gina shi ne a kan zaton cewa sunan ƙarshe na gado ne kuma rubutunsa ɗaya ne, alhali a nan duka biyun ba haka suke ba. Hamman, Haman, Hamma, Hammadu, Hamadou, Mohammed, Muh'd: mutum ɗaya na iya bayyana da uku daga ciki a takardu uku. Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ko ƙabila da addini ba ta tambaya ba. Inda ake da rajistar haihuwa tsayayya ne ake iya magana da lamba: hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ce a 2023 Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales, da yara 4,661, kuma wannan rubutu ɗaya ne kawai, ban da Mohammed da Mohammad. Game da Hamman, abin da ake iya faɗa da tabbaci shi ne inda ya fi kauri: Adamawa da Taraba, sassan Gombe da kudancin Borno, da arewacin Kamaru. Da an nufi Kano ko Katsina sai ya ja baya, Mamman ya karɓi wurin.

Abin da ke biyo baya

Matsalar farko ta takardu ce, kuma ta tsananta tun da aka fara haɗa bayanai a kwamfuta. An ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki, BVN, a 2014. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, NIN, sannan hukumar JAMB ta fara neman ta daga masu jarrabawa a 2021. Kwamfuta ba ta san Hamman da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Wanda satifiket ɗinsa ke cewa Buba Hamman, bankinsa na cewa Abubakar Mohammed, sai ya yi rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kafin a yarda shi ne shi. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu fansho, da magada, da mutanen da suka gudo daga Madagali da Michika da Mubi a 2014 ba tare da ko takarda ɗaya ba, aka sake rubuta sunayensu a sansanoni irin na masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji.

Ta biyu ita ce yanke wa mutum hukunci daga sunansa. A jihar da ke da ƙabilu masu yawa da addinai biyu a cikin gida ɗaya, wanda ya ɗauka duk Hamman Bafulatani ne ko duk Buba Musulmi ne zai yi kuskure sau da yawa, kuma a lokacin rikici ko rabon muƙamai irin wannan kuskure ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma muhawarar malamai. Wasu na ganin taƙaita sunan Annabi ɓata shi ne, suna kira da a koma ga Muhammad yadda yake. Wasu na cewa girmamawa ce ta haifar da taƙaitawar, kuma malaman jihadi da suka fi mu sanin Larabci sun ji ana kiran 'ya'yansu haka ba su hana ba. Game da daskarar da sunan iyali da kuma mace ta ɗauki sunan mijinta, masu adawa kan kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda ta yi umarni a danganta mutane ga iyayensu maza. Masu sassauci na cewa danganta mutum ga kakansa ba ƙarya ba ce, tun da Larabawa ma suna yi.

A aikace dai ra'ayin masu cewa a koma ga Muhammad yadda yake ne ke samun ƙasa a birane. Matasan iyaye a Yola da Jimeta sun fi son Muhammad da Ahmad da Abubakar a kan Hamman da Ahmadu da Buba, sai a kira yaron Amir ko Khalifa a gida. Tsohuwar siffar tana komawa gurbin ƙarshe na fom, inda sunan uba ko na kaka ke zama. Shi ya sa yanzu ake samun ɗalibai masu suna Muhammad Hamman ko Abubakar Buba, suna ɗaya sau biyu, na gaba da furucin Islamiyya, na baya da na kakanni.